Tsohon Jirgi da Doguwar Tafiya: Darasi Daga Tarihin Matuƙan Teku

A ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwa masu tafiya da tururi suka ƙwace cinikin teku daga hannun jirage masu filafilai, watau waɗanda iska ke turawa. Wannan sauyi ya bar ƙwararrun matuƙa da yawa ba aikin yi, ya kuma bar tsofaffin jirage yashe a bakin gaɓa suna ruɓewa. Daga cikin wannan hali ne wata sabuwar al'ada ta tsiro, ta mutum ya nemi jirgi na hannu, ya gyara shi, ya shiga teku don raɗin kansa. Muhimmiyar tambaya a tarihin wannan al'ada ita ce, me ke sa tsohon jirgi ya kai mai shi gida, ko kuwa ya hallaka shi?

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Joshua Slocum, haifaffen Nova Scotia ta ƙasar Kanada a 1844. Bayan jirginsa na ciniki ya farfashe a gaɓar Birazil a 1887, sai ya wayi gari hannu wofi. A 1892 wani tsohon kyaftin mai suna Eben Pierce ya ba shi kyautar wani ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray, wanda ya daɗe a ajiye cikin wani fili a garin Fairhaven na Amurka. Slocum bai ruɗi kansa da kyautar ba. Ya sari itace da hannunsa, ya sake ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa da katakon jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci wata 13 da dala 553 da 'yan kai. Ashe jirgin da aka samu a kyauta yana da nasa kuɗin, sai dai a wajen gyara ake biya.

Ranar 24 ga Afrilu 1895 ya tashi daga Boston shi kaɗai cikin wannan jirgi mai tsawon ƙafa 36 da inci 9. Ya isa Jibralta, ya juyo ya sake ƙetare Tekun Atilantika, ya bi mashigin Magellan, ya ratsa ta Ostareliya da Afirka ta Kudu, sa'an nan ya sauka Newport ranar 27 ga Yuni 1898. Ya yi tafiyar mil wajen 46,000, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai. Sirrin nasararsa kuwa shi ne babu wata ƙusa a jikin jirgin da bai san ta ba, bugu da ƙari jirgin yana riƙe hanyarsa na kwanaki ba tare da an kama akalarsa ba, har mai shi ya sami barci.

Labarin Bafaranshe Alain Gerbault ya nuna wani ɓangaren. A 1921 ya sayi Firecrest a Ingila, jirgin da aka ƙera tun 1892. Jikinsa da ƙwari, amma filafilai da igiyoyi sun tsufa. Da ya tashi daga Jibralta a 1923 sai ya shafe kwana 101 kafin ya kai New York, yana ta ɗinkin filafilai a tsakiyar teku, ga ruwan shansa ya lalace. Ya tsira, amma da jiɓin goshi. Shi kuwa Bernard Moitessier, wanda ya sayi wani tsohon jirgin katako a 1952, yoyo ya dame shi a Tekun Indiya, daga bisani jirgin ya kafe a tsibirin Diego Garcia, ya yi hasararsa.

Kada a ɗauka sabon jirgi ne maganin wannan. A gasar kewaye duniya ta 1968, Donald Crowhurst ya shiga da sabon jirgi da aka ƙera cikin gaggawa ba a gwada shi sosai ba, aka tsinci jirgin a teku a watan Yuli 1969 ba kowa ciki. Wanda ya kammala shi kaɗai ne, Robin Knox-Johnston, cikin kwana 312, a ɗan jirgin katako mai ƙafa 32 da ya riga ya tuƙo daga Indiya zuwa Ingila.

Abin da waɗannan labarai suka haɗu a kai shi ne, shekarun jirgi ba su ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne binciken da aka yi masa kafin saye, da kuɗin da aka ware don gyara, da gwajin da aka yi kafin a yi nisa da gaɓa. Kuma ba aiki ne na rana ɗaya ba. Slocum kansa ya sake shiga teku da Spray daga baya, alhali waɗanda suka ga jirgin sun shaida cewa ya lalace don rashin kulawa. Ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, har aka tabbatar da mutuwarsa bisa doka a 1924. Duk mai riƙe da kayan aiki, nasa ne ko na hukuma, yana da abin lura a nan: gyaran jiya ba ya tsare mutum daga haɗarin yau.