Tarihin Filayen Wasa a Legas: Daga Filin Sukuwa Zuwa Lambunan Shaƙatawa

Tarihin filayen wasa na zamani a Legas ya soma ne daga filin sukuwa da ke kudancin tsibirin birnin, wurin da a yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Sarkin Legas, Oba Dosunmu, shi ya ba Turawan Ingila wannan fili a 1859, shekara biyu kafin ya sa hannu a takardar da ta miƙa musu garin a 1861. Faɗinsa ya haura hekta 14. Aka zagaye shi da hanyar tseren dawaki, tsakiyarsa kuma ta zama wurin ƙwallon ƙafa da kurket da faretin sojoji da na 'yan makaranta. Ko da yake Turawa ne ke da rumfa da kujeru, talakan gari yana iya tsayawa a gefe ya yi kallo, yara kuma su buga ƙwallonsu a ranakun da babu sukuwa.

Hausawa suna cikin wannan labari tun farkonsa. A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 daga 'yan Arewa da ke Legas ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ita ce tushen sojojin Nijeriya. Da rundunar ta bunƙasa, sojojinta suka zauna a kusa da filin sukuwa, daga baya aka mayar da su Obalende, a bakin Ikoyi. Shi ya sa tsohuwar unguwar Hausawa ta Obalende take maƙwabtaka da manyan filayen wasan Turawa har yau.

Filayen da ke bayan shinge

Da Turawa suka keɓe Ikoyi ta zama unguwarsu, sai suka ware wa kansu filaye masu faɗi. Kulob ɗin folo na Legas ya kafu a 1904. Wasan folo bai daɗe a hannun Turawa kaɗai ba, domin sarakunan Arewa sun karɓe shi hannu bibbiyu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa shi a masarautarsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. Zuwa yau, idan lokacin gasar folo ta Legas ya yi, 'yan wasa daga Kano da Katsina da Kaduna suna saukowa da dawakinsu, kuma Hausa na cikin harsunan da aka fi ji a bargar dawakin Ikoyi.

Wasan golf ya fi folo cin fili. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda daga wuri mai nisa, yana binta har ya jefa ta a rami, kuma cikakken fili rami 18 ne. A 1938 aka haɗe kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas suka zama Ikoyi Club, wanda har yanzu yake ɗauke da wannan shekara a sunansa. Daga 1969 filin ya riƙa karɓar babbar gasar golf ta Nijeriya, wadda ƙwararru daga Turai ke zuwa lokacin da sanyi ya hana su wasa a gida. Sandy Lyle na Sikotilan ya cinye ta a 1978, Vijay Singh na Fiji ya cinye a 1988 da 1989. A 1981 Peter Tupling ɗan Ingila ya gama dukan zagayen gasar, rami 72, da bugu 255, abin da ya zama tarihi a duniyar golf ta lokacin. A waɗannan shekaru ba ciyawa ce a bakin ramukan Ikoyi ba, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, ana share shi kafin ɗan wasa ya gangara ƙwallo.

Duk wannan a bayan shinge ake yinsa. Shiga kulob sai da kuɗin rajista da wanda zai tsaya wa mutum, kuma da wuya talaka ya taka filin in ba ɗaukar jakar sanduna ko aikin ciyawa ya kai shi ba. Wasan da ya zama na kowa shi ne ƙwallon ƙafa. An gina filin Onikan a 1930, kuma a can aka riƙa buga wasan ƙarshe na Kofin Gwamna da aka fara a 1945. A 1953 'yan wasan Kano suka ɗauke kofin, suka zama na farko da suka fitar da shi daga Legas.

Dandalin zango

Yayin da ake wannan a tsibiri, wata rayuwa ta daban tana tasowa a arewacin birnin. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Iddo a 1896, ta isa Ibadan a 1901, ta kai Kano a 1911. Agege tana kan wannan layi, kuma ƙasarta ta karɓi koko da goro. Goron ne ya jawo fataken Hausawa: suna saye, suna ɗaure shi a huhu da ganye, suna lodawa a jirgi zuwa Arewa, shanu kuma suna saukowa ta hanya guda. Daga nan Zangon Agege ya kafu da masallacinsa da sarkinsa, mahauta suka biyo shanu, babbar mayankar Oko-Oba kuma ta ƙara musu yawa daga baya.

Waɗannan baƙi ba su jira hukuma ta yanka musu fili ba, domin sun zo da al'adar dandali. A ƙasar Hausa dandali fili ne na kowa a tsakiyar gari ko a ƙofar fada, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa. Wasannin kansu ba su da tsada. Ɗan langa ƙafarsa ɗaya yake riƙewa ta baya ya yi tsalle da ɗayar, yana ture abokan hamayya don ɗan wasansu da ake kira ruwa ya kai gida. 'Yan dara kuwa inuwa kawai suke nema: a tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, ɗaya ya ɗauki tsinke 12, ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa, masu kallo na tsugune suna ta ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Dambe kuma wasan mahauta ne tun asali, don haka duk inda suka sauka yana biye da su, da kalangu da kirari da zaren da ake naɗewa a hannu, da rabuwar 'yan wasa gida uku: Kudu da Arewa da Guramaɗa. Abin da duk waɗannan wasanni ke buƙata ɗaya ne, wato ƙasa wadda ba a gina komai a kanta ba. A farkon zangon akwai ta da yawa, tsakanin gidaje da gonakin goro da gefen layin dogo.

Yadda filayen suka ƙare

A filin sukuwa aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra. Shekara 12 bayan haka, a 1972, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da wurin dandalin fareti na siminti, aka sa masa sunan Tafawa Ɓalewa, aka kafa gumakan fararen dawaki a ƙofarsa. Sukuwa ta tsaya, filin kurket ne kawai ya tsira a gefe. A wannan shekarar aka buɗe babban filin wasa na ƙasa a Surulere, wanda ya karɓi wasannin Afirka a 1973 da gasar kofin nahiyar a 1980. Birnin ya samu wurin da dubban mutane za su zauna su yi kallo, amma wuraren da yaro zai yi wasa da kansa suka yi ta raguwa.

Kuɗin man fetur da kwararar jama'a sun sa fili ya yi daraja. Lambun shaƙatawa na Ikoyi, wanda iyalai ke zuwa a ranakun hutu, aka yanka shi fuloti-fuloti ya zama unguwar masu hali ta Parkview. Bakin teku na Bar Beach, inda kowa ke zuwa shan iska ranar Sallah da Kirsimeti, ya shige cikin aikin cike teku na Eko Atlantic. A unguwannin talakawa kuwa gini ne ya cinye komai a hankali. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Agege tana da mutum sama da 450,000 a ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 20 ba. Gonakin goro sun zama gidajen haya, filin wasan Agege mai ɗaukar mutum kusan 4,000 kuma na ƙungiyoyi ne da taruka. Yara suka koma buga ƙwallo a kan titi, suna ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, suna ɗauke su idan mota ta taho.

Ikorodu ta bi wannan hanya a makare, amma da sauri. Tsohon gari ne na Yarabawa a arewacin tafkin Legas, wanda ya daɗe yana hulɗa da tsibiri ta kwalekwale. Tsadar haya a cikin birni ta tura jama'a can, har ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da rabin miliyan. Hausawa sun zauna a Sabo da sauran unguwanni, da yawansu suna da alaƙa da kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar garin, inda motocin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa ke sauke kaya. Da layin manyan motocin BRT ya isa Ikorodu a 2015, gine-gine suka ƙara bazuwa cikin tsoffin gonaki. Ƙungiyar ƙwallo ta Ikorodu City ta hau babban rukunin gasar Nijeriya a 2024, amma wasanninta na gida sai ta tafi Onikan a tsibiri ta buga su.

Dawowar lambuna

Gwamnatin jiha ta waiwayi lamarin a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, daga 2007 zuwa 2015. Aka share ƙarƙashin gadoji da shataletale aka dasa itatuwa, aka ware 14 ga Yuli ta zama ranar dashen itace. A 2010 aka mayar da tsohon kurkukun Turawa na titin Broad ya zama lambun Freedom Park. Lambun Gani Fawehinmi da ke Ojota, a kan hanyar Ikorodu, shi ne ya tara dubban masu zanga-zangar janye tallafin mai a Janairun 2012. A 2011 aka yi dokar kafa hukumar kula da lambuna ta jiha, LASPARK, a ƙarshen 2017 kuma aka buɗe lambun Johnson Jakande Tinubu a Alausa. An samu ci gaba, sai dai fitattun lambunan sun taru ne a Ikeja da tsibirai, kuma akasarinsu na zama ne da ɗaukar hoto da lilon yara. Samari da manya ba su da abin yi a ciki.

Wasu ƙasashe sun magance wannan ta hanyar shigar da wasanni marasa tsada cikin lambunan gwamnati, kuma fitaccen misali shi ne golf na faifai. Dokarsa ta golf ce, amma maimakon sanda da ƙwallo ana wurga faifan roba ne wanda bai wuce giram 200 ba, maimakon rami kuma kwandon ƙarfe ne a jikin turke, da sarƙoƙi rataye a samansa. Ɗan wasa yana jifa daga wurin farawa, ya je inda faifan ya faɗi ya sake jifa, har ya doki sarƙa ya zube a kwando. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Kamfanin Wham-O na Amurka ya sayi fasahar faifan daga Walter Morrison a 1957 ya sa masa suna Frisbee. Wani ma'aikacin kamfanin, Ed Headrick, ya kafa fili na dindindin na farko a lambun Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975, ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan a 1976, ya yi wa kwandon mai sarƙa rajista a 1977. A yau filayen wasan sun haura 15,000 a duniya, ƙasar Finlan kaɗai tana da kusan 1,000, kuma mafi yawansu kyauta ake shiga.

Abin da ya yaɗa shi shi ne sauƙinsa. Gajeren fili kwando 9 ne, tazarar kowanne 'yan gomiyoyin mitoci, ana gama zagaye cikin kamar awa guda da faifai ɗaya. Ba a sare itace dominsa, don itatuwan ne ke ƙara wa jifa wuya, ba a kuma hana masu yawo wucewa. Ta wannan fuska ya fi kusa da langa da dara fiye da golf na Ikoyi.

Tarihin shekara fiye da 160 ya nuna cewa filayen da suka tsira a Legas su ne waɗanda ke da takarda da shinge da masu tsaya musu, kamar na folo da na golf, yayin da filayen jama'a suka salwanta ɗaya bayan ɗaya saboda ba wanda ya yi musu iyaka. A Agege wuri ya riga ya ƙure, amma a gefen Ikorodu har yanzu ana yanka gonaki ana sayarwa. Ya rage wa ƙananan hukumomi da sarakunan gari da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kai su ware filin wasa a kowace sabuwar unguwa, su yi masa takarda da sunan jama'a tun kafin a kai bulo wurin.