Kafin fuloti ya cinye gonakin Cadakori

Duk shawarar da za a yi kan makomar ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi, ina ganin daga gona ya kamata a faro ta. Tarihinmu ne ya nuna haka.

A zamanin gyaɗa, an riƙa share gona ƙal, ana tuge kututture. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta kwashe ƙasa, gero ya ƙi. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su bar tohon kututture ya girma. Shi ne sassaben zamani. A Ɗan Saga, cikin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200.

Yau barazanar daga birni take: gonar gado na raguwa wajen rabo, mai kuɗi na saye. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, wato COFO, masu rubuta gona da burtali. Don haka nake cewa komin ɗin Cadakori ya sa wannan rubutu a gaba, sannan kasuwa da hanya.

Malamai, ku kai yara su ga gawo a gonar gero. Iyaye, ku nuna musu iyakar gona tun kuna raye.