Yadda ake kare injin mota daga shan ruwa ta hanyar iska a lokacin damina

Injin mota yana shan iska fiye da yadda yake shan mai. Kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000, kuma duk abin da ya biyo iskar nan cikinsa zai shiga, ƙura ce ko ruwa. A ƙasar Zazzau, inda ruwan sama ke kai wajen milimita 1,000 a shekara kuma ya fi ƙarfi a watan Agusta, wannan magana ta shafi duk mai bin hanyoyin Ikara, Maƙarfi da Kudan, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke sauka daga kwalta su shiga hanyoyin burji da ke ratsa fadamun rake.

Iskar tana shiga ne ta wani bututu da bakinsa ke bayan fitilar gaba ko saman lagireto, ta faɗa cikin wani akwatin roba mai ɗauke da filtar iska, sannan ta wuce cikin inji. Wasu motocin kuma suna da wani baki a kan bonet, mai kama da hanci, wanda aka buɗe domin karɓar iska. Shi ne ya fi tayar wa masu mota hankali idan hadari ya haɗo, domin yana fuskantar ruwan kai tsaye.

Bakin da ke kan bonet

Abu na farko shi ne mai mota ya ɗaga bonet ya duba inda bakin ya nufa, domin ba duka ne aikinsu ɗaya ba. A Hilux mai amfani da dizal ta shekarun 2005 zuwa 2015, da wasu Pajero da L200 da Subaru masu turbo, iskar da ke shiga ta nan tana hura wata na'ura ce mai kama da ƙaramin lagireto da ke kwance a kan injin, wadda ke sanyaya iskar turbo. Ruwan da ya shiga ta wannan baki jikin ƙarfe kawai yake jiƙawa ya zube ƙasa, ba shi da hanyar shiga cikin injin. Mai irin wannan mota kada ya toshe bakin da leda ko tsumma don tsoron damina. Abin da zai samu kawai shi ne raguwar ƙarfin injin. Akwai kuma na ado, wanda ake mannawa da gam ba tare da an huda bonet ba. Wannan ba ruwansa da ruwa.

Mai matsalar shi ne wanda aka yanka bonet aka ɗora a gareji, aka daidaita ramin da kan filta domin wai injin ya sha iska mai sanyi. A nan ruwa na iya sauka a kan filtar, ko mota na tafiya ko tana ajiye. Ajiyar ma ta fi haɗari, domin ruwan dare guda yana iya taruwa a akwatin, da safe a tayar da mota ta zuƙe shi gaba ɗaya.

Gyaransa ya dogara ne da abu ɗaya: ruwa ya fi iska nauyi, don haka iska na iya shan kwana, ɗigon ruwa kuwa miƙewa yake yi. Sai a sa wani faifan ƙarfe ko na roba tsakanin ramin da filtar, ta yadda iska za ta zagaya ta gefe, ruwa ya bugi faifan ya gangara. A ƙarƙashinsa a yi tire mai ƙofofin zubar ruwa a kusurwar da ta fi gangara, a haɗa da ƙaramin tiyo ya sauke ruwan nesa da wayoyin wuta. Idan da hali, ramin ya kauce daga saitin filtar, ko a juya bakin ya kalli gilashin gaba. Kamfanin Chevrolet na Amurka ya yi haka a wasu motocinsa tun 1969, domin iska tana taruwa a gindin gilashi, ruwan da ke tahowa daga gaba kuma ya wuce ta sama. Ragar waya da ake yawan sawa tana tare ganye da kara ne kawai, ruwa ratsa ta yake yi.

Me ruwa ke yi wa inji

Feshin yayyafi ba ya kashe inji. Zafin ciki yana mayar da shi tururi, har ma a Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa fesa ruwa da gangan cikin injinan wasu jiragen yaƙi don ƙara musu ƙarfi. Ɓarnar tana zuwa ne idan ruwa ya shiga da yawa a lokaci guda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A injin fetur mai lita biyu da silinda huɗu, idan fistin ya hau ƙololuwa, sararin da ya rage a samansa bai wuce cikin cokalin cin abinci huɗu ba. Ruwan da ya haura wannan zai tare fistin yana tsaka da gudu, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta huda jikin injin. Na dizal ya fi saurin kamuwa saboda matsinsa ya fi tsanani.

Ko ruwan bai kai haka ba, filtar takarda idan ta jiƙe tana toshewa ko ta yage, na'urar auna iska da ke bayanta a sababbin motoci ta rikice, mota ta riƙa shaƙewa tana cin mai.

A gaskiya, yawancin injinan da ruwa ke kashewa a waɗannan hanyoyi ba su da baki a bonet ma. Ta ƙasa suke sha. Golf da Sharon da 406 da ke jigila tsakanin Tashar Yari, Maƙarfi da Ikara, ko daga Hunƙuyi zuwa ƙauyukan Kudan, da yawansu sun tsufa, bututun iskarsu ya tsage an ɗaure da roba, ko an cire wani sashe ya koma yana lilo kusa da taya. A gindin akwatin filta akwai 'yar ƙofar zubar ruwa, wadda ƙurar hunturu kan toshe. Kafin ruwan farko, a buɗe akwatin a share, a buɗe ƙofar, a tabbata murfin ya zauna kan robarsa da maƙallansa duka. A wajen wankin mota ma a hana yara saita tiyo mai ƙarfi a bakin iskar.

Idan an iso ruwa kwance a hanya, wanda ya haura tsakiyar taya ba na ƙaramar mota ba ne. In ya zama dole a ratsa, a sa giya ɗaya, a tafi a hankali ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba, kuma a jira babbar motar da ke tahowa ta fita tukuna, domin igiyar ruwan da take turowa ita ce kan haura bonet.

Mota in ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli, kada kuma a tura ta cikin giya don ta tashi. A jawo ta waje, a duba filta. Idan a jiƙe take, bakanike zai cire fulogogi, ko nozil a injin dizal, ya juya injin har ruwan ya fito ta ramukan. Sannan a zaro sandar awon baƙin mai: in ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi, sai a juye shi a canza filtar mai da ta iska kafin a tayar.