Tekun da Ya Bar Mana Siminti: Yadda Aka Karanta Dutsen Kalambaina

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000, zancen siminti bai bar bakin magina da masu buga bulo na Apo a Abuja ba. Wani ya ce dala ce, wani ya ce dillalai, wani ya ce kuɗin dakon mota. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne asalin dutsen da ake toyawa ya zama siminti. Ƙasar Apo dai ba ta da shi. Dutsenta mai tauri ne, ɗan uwan Aso da Zuma, ya haura shekara miliyan 500, yana ba da tsakuwa mai kyau amma iyakarsa ke nan. Siminti sai da dutsen farar ƙasa, irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina. Na Kalambaina kuwa, da ke gefen birnin Sakkwato, yana da labarin da ya cancanci a ji, tare da labarin mutumin da ya fi kowa zama a kansa, Farfesa Cornelius Kogbe.

Farkon labarin gajere ne, domin shaidunsa kaɗan ne. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani teku mara zurfi ya kwararo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya cika kwarin da ya haɗa Mali da Nijar da Sakkwato. Ya janye, ya sake dawowa bayan ƙarewar manyan dabbobin nan na da shekara miliyan 66 da suka wuce. A zuwan nan na biyu ne ɓawon katantanwa da kumba da murjani suka yi ta taruwa a ƙarƙashin ruwa har suka daskare suka zama dutse.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara rubuta wani abu a kai. J. D. Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911. An kafa ma'aikatar binciken ƙasa a 1919, sannan a 1930 Raeburn da Tattam suka ba da rahoto kan Lardin Sakkwato. A shekarar ce kuma W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa sunan Goronyo a 1972. Brynmor Jones ya ƙara nasa a 1948. Aikinsu ba abin rainawa ba ne, amma hankalin gwamnatinsu yana kan rijiyoyi da ma'adinai. Tambayar wane irin teku ne, ruwansa ɗumi ko sanyi, ba ita ta kawo su ba.

Abin da ya sauya lissafi, a ganina, masana'anta ce. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Ramin da aka buɗe a Kalambaina ya yi wa masu bincike abin da guduma ba za ta iya ba: ya yanke ƙasa daga sama zuwa ƙasa, hawa-hawan dutsen suka fito fili. Gani ya kori ji.

Nan Kogbe ya shigo. A 1973 ya wallafa bincikensa kan ɓangaren Nijeriya na wannan kwari, ya faɗaɗa shi a 1979 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya inda ya koyar, ya sake taƙaita shi ga masana na duniya a 1981. Ya bi tsaunuka da kwazazzabai da rijiyoyin burtsatse, yana jera hawa bisa hawa kamar tabarmin da aka jibge. A ƙasa akwai Taloka da Dukamaje da Wurno. Bisansu yumɓun Dange, mai jibsam da ƙwallayen fosfat da ƙasusuwan kifi. Sai farar ƙasar Kalambaina, sai wani siririn yumɓu da shi Kogbe ya ware ya kira shi Gamba, sannan yashi da jar ƙasar Gwandu suka rufe komai. Duk sunayen garuruwanmu ne, kuma da su ake kiran waɗannan duwatsu a littattafan kimiyya na duniya.

Wanda ya ɗauki guntun dutsen Kalambaina zai ga fari ne mai ratsin rawaya, yana barin gari a tafin hannu. A fasa shi, sai ga siffar katantanwa a murɗe, ko wata halitta mai zagaye da zanen fure mai kunne biyar a bayanta, irin da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. A ɗiga masa ruwan asid sai ya yi kumfa. Kowanne daga cikin waɗannan shaida ne. Murjani da manyan halittu masu ɓawo suna son ruwa garau, mai ɗumi, wanda hasken rana ke kaiwa ƙasansa. Jibsam kuwa yana samuwa ne inda ruwa ya tsaya rana ta ƙafar da shi. Ke nan daga Dange zuwa Kalambaina, ana ganin yadda gaɓa mai laka da zafi ta zama buɗaɗɗen teku, daga nan zuwa Gwandu kuma teku ya tafi, koguna suka gaje shi.

A nan gardama ta tashi, kuma har yau ba ta kwanta ba. Shin tekun ya tsaya a Sakkwato ne, ko ya zarce har ya haɗu da Tekun Atlantika a kudu? Richard Reyment, wanda ya koyar a Ibadan, ya ce ya zarce, hujjarsa kuwa wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu da ya samu iri ɗaya a Libiya da Sakkwato da kudancin Nijeriya. Kogbe ma yana ganin akwai mashiga, ta kwarin Bida, wanda gefensa ya taɓo Abaji a kudancin Babban Birnin Tarayya. Farfesa Sunday Petters na Jami'ar Kalaba ya ƙi yarda. Ya dogara da wasu halittun na daban da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, ya ce na Sakkwato 'yan uwan na Arewacin Afirka ne, don haka tekun ƙofa ɗaya gare shi.

Ni ina bayan Kogbe da Reyment, kuma ga dalilina. Halittun da Reyment ya kafa hujja da su mazauna ƙasan ruwa ne, ba sa shawagi igiyar ruwa ta kwashe su zuwa nesa. In an same su a wurare biyu, to akwai hanyar ruwa a tsakani. Masu cewa ba a ga dutsen teku na zamanin a tsakiyar hanya ba, sai su tuna zaizayar shekara miliyan 50 tana iya share fiye da haka. Petters yana da gaskiya cewa babbar ƙofa ta arewa ce. Amma mashiga ƙunƙunta da ke buɗewa in ruwa ya cika, ta rufe in ya ja, ta isa ta bar wasu halittu su wuce ta tare wasu. Wannan ne bayanin da ya ɗauke hujjojin ɓangarorin biyu ba tare da an jefar da ɗaya ba.

Kogbe bai tsaya a Sakkwato ba. A 1976, shekarar da aka yi dokar kafa Abuja, ya shirya littafin Geology of Nigeria, aka sake buga shi a 1989, kuma ɗaliban kimiyyar ƙasa da yawa da shi suka tashi. A 1983 ya kafa mujallar Journal of African Earth Sciences, domin masanan Afirka su sami inda za su baje bincikensu. Irin wannan himma ce jami'o'inmu suka rasa tun da kuɗin fita daji ya ƙafe, ɗalibi ya koma gama digiri bai taɓa riƙe guduma a gaban dutse ba.

Aikin kuwa bai ƙare ba. Tun 1947 Harold Urey ya nuna cewa sinadarin da ke cikin ɓawon halittun teku yana riƙe da ma'aunin zafin ruwan da suka rayu a ciki. Da irin wannan awo ne Kennett da Stott suka gano a 1991 cewa kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce duniya ta yi wata ɗumama ta gaggawa, wadda aka ƙiyasta ta kai maki 5 zuwa 8, bayan kwararar iskar kabon mai yawa. Dutsen Kalambaina ya kwanta ne a zamanin da ke daf da wannan al'amari, a yankin da yau fari da kwararowar hamada suka fi addaba. Yana kuma da 'yar uwa da ake haƙa a Malbaza ta Nijar.

Mu kuma toya shi muke yi. BUA ya ƙara layin tan miliyan 1.5 a Kalambaina a 2018, ya ƙara na tan miliyan 3 a 2022. A tanderu mai zafin maki 1,450 ɓawon katantanwa da labarin da ke cikinsa duk toka ne, kabon ɗin da teku ya ɓoye kuma ya koma sama. Ba na cewa a daina. Muna bukatar gidaje da gadoji da makarantu. Amma Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya da ke Abuja da kamfanin da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya zama su amince da abu biyu: a ware bango ɗaya na ramin a bar shi yadda yake domin ɗalibai, kuma kafin a fasa kowane sabon wuri a ɗebi samfuri daga sama har ƙasa, a rubuta, a adana. Kuɗin wannan bai kai na tirela goma na siminti ba, kuma dutsen da ya shiga tanderu babu wanda zai sake auna shi.