Tauraron ɗan Adam mai rada: mene ne amfaninsa gare mu?

Tauraron ɗan Adam mai rada ba ya jiran hasken rana. Shi ke aiko igiyoyin rediyo ƙasa, ya auna abin da ya dawo masa, don haka yana gani dare da rana, ko hadari ya rufe sama. Misali, Sentinel-1A na Turai da aka harba a 2014 an tsara shi ne ya yi shawagi a nisan kilomita kusan 700, ya riƙa komowa kan wuri guda duk kwana 12.

Ruwa kwance baƙi yake fitowa a hotonsa. To, da damina, in kogin Isa ya cika ya shiga gonakin shinkafa da unguwannin Yamai, kamar a 2020, irin wannan hoto ke nuna mana iyakar ambaliya, a san inda za a fara kai agaji.