Gaba, kamu da metir: tarihin awon tsayi a ƙasar Damargu

Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji na yanzu, ƙasar hatsi ce. Da Barth ya ratsa ta a watan Janairu na 1851, ya tarar ita ke ciyar da Abzin da gero. Saboda haka abubuwa biyu ne manomi ya fi bukatar aunawa a can: tsayin rumbu da zurfin rijiya.

Ma'aunin farko jikin mutum ne. Dani shi ne daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan an buɗe hannu. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, kusan rabin metir. Gaba kuwa faɗin hannuwa biyu ne a miƙe, kusan kamu 4, ko tsayin mutum guda. Da igiyar guga ake ƙirga gaba, shi ya sa mai haƙar rijiya ya san zurfinta ba tare da rubutu ba.

Abin da hannu bai kai ba, kamar itace ko dutse, inuwa ce hanyar aunarsa. Malamai sun san ta daga fiƙihun Malikiyya: la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsayinsa, bayan an cire inuwar zawali, kuma ana ƙiyasta tsayin mutum da tafin ƙafarsa 7. A duk lokacin da inuwar sanda ta yi daidai da sandar, inuwar itace ma daidai take da itacen.

Metir, wanda Faransa ta kafa da dokar 1795, ya shigo ne da mulkin mallaka, bayan wucewar Foureau da Lamy a 1899. Ya zauna a ofis da lakwal, gaba ta zauna a bakin rijiya.

Akwai kuma matsalar harshe. Faransanci ya raba hauteur da longueur, amma Hausa takan ce tsawo ga duka biyu, kuma dogo yana siffanta hanya da rumbu. Shawararmu ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci ita ce a keɓe tsayi ga abin da ke tsaye, tun da daga tsaya ya fito, a bar tsawo ga abin da ke kwance. Darasin metir kuma a fara shi daga gaba da kamu. Manomin da ya iya mai da gaba 20 zuwa metir 36 ko kusa da haka, shi zai iya duba takardar ɗan kwangilar rijiya kafin ya sa hannu.