Shigar 'yan mata makarantar boko a Kinkinau

Kinkinau unguwa ce a cikin garin Kaduna, arewa da kogin Kaduna. Karatun 'yan matanta yana ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Shiga aji ɗaya ya yi sauƙi, musamman da gwamnatin jihar ta fara ciyar da ɗalibai a 2016. Zama har a kammala ne ke da wuya, domin talla, cunkoson aji, rashin makewayi da aure suna janye yarinya daidai lokacin da karatu ya fara kama ta. Kaduna na cikin jihohi bakwai da suka fara shirin AGILE na Bankin Duniya don tallafa wa karatun 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020.